Tsohuwar bindiga mai baki biyu ma kayan gado ce, a daina kashe ta da samfefa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, na karanta rubutun da kuka buga kwanakin baya a kan kayan gado da ke lalacewa a gidajenmu: takubba, sirada, alkyabbu da littattafan ajami da gara ke ci. Allah ya saka wa marubucin da alheri. Sai dai akwai abu ɗaya da ya tsallake, kuma na san dalilinsa. A zamanin da ake jin kalmar 'yan bindiga gaba ya faɗi, wa zai so ya kawo zancen bindiga a shafin al'adu? Ni ma na daɗe ina juya biro kafin in rubuto. Ni mutumin Funtuwa ne, ina da dangin da suka bar gonakinsu saboda wannan masifa, don haka ba na ɗaukar maganar makami da wasa. Amma a ƙarƙashin gadaje da bayan sifofi na gidaje da yawa akwai tsofaffin bindigogin farauta da iyaye suka bari. Magada ba su san abin da ke hannunsu ba, suna tsoron tambaya, kuma shirun da muke yi yana jawo ɓarna biyu: kayan na lalacewa, mai riƙe da su kuma yana zaune a kan laifi bai sani ba.

Tawa na gada ne daga marigayi mahaifina. Akawu ne a harkar sayen auduga, kuma a shekarar da ta biyo bayan samun 'yancin kai wani Bature da suka yi aiki tare zai koma gida, ya sayar masa da ita. Baba ya ce wata da watanni ya yi yana biya daga albashinsa. Mai baki biyu ce, bututan a jere kafaɗa da kafaɗa, lamba 20, aikin Birmingham ta Ingila. Tsawon bututanta inci 28 ne. Na taɓa ɗora ta a sikelin mai shago, ta tashi kilo 2 da giram 600. Wanda ya saba da lamba 12 idan ya ɗauke ta sai ya ce wannan ai ta yara ce. Ba ta yara ba ce. An ƙera ta ne don mutumin da zai wuni yana taka gona da fadama bayan fakara, ba ya son nauyi ya gajiyar da kafaɗarsa kafin la'asar.

Bari in yi bayanin lambar nan, don mutane da yawa suna zaton lamba 20 ta fi lamba 12 girma. Akasin haka ne. A ɗauki laba ɗaya ta dalma, a raba ta gida 12 daidai wa daida, a mulmula kashi ɗaya. Faɗin wannan ƙwallo shi ne faɗin bakin lamba 12, wato kimanin milimita 18 da rabi. Idan gida 20 aka raba labar, ƙwallon ya ƙanƙance, bakin ya koma milimita 15 da rabi da 'yan kai. Lamba 28 kuma milimita 14. Ƙaramarsu duka, wadda ake rubuta wa .410, ita ba da wannan lissafi aka sa mata suna ba, awon inci ne kai tsaye, milimita 10 da ɗoriya. Waɗannan ƙanana su ne masu tara tsofaffin bindigogi a Turai da Amurka suka fi nema, saboda tun asali kaɗan aka ƙera idan aka kwatanta da lamba 12. A Amurka idan aka samu aikin kamfanin Parker ko na Fox mai ƙaramin baki, kuɗinta kan ninka na babbar 'yar uwarta. Tawa dai ba ta cikin manya. Ba Purdey ba ce, ba kuma Holland & Holland ba, waɗanda attajirai da 'yan sarauta ke oda a Landan. Bindigar ma'aikaci ce mai matsakaicin hali, kuma hakan bai rage mata komai a wurina ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda Baba ke buɗe ta. Ranar Jumma'a bayan la'asar yakan shimfiɗa tabarma a zaure, ya sa a rufe ƙofar waje. Kafin komai sai ya karya ta, wato ya buɗe ta a tsakiya, ya leƙa, ya tabbatar babu harsashi, ko da shi ya ajiye ta da hannunsa jiya. Sannan ya cire katakon gaba, ya tura maɓallin sama da babban yatsa, bututan su rabu da ƙarfen tsakiya wanda yake kira uwa. Ta zama gida uku a kan tsumma. Daga nan sai ya rataye bututan a ɗan yatsa ta wurin ƙugiyarsu, ya ɗan buge su da farce, ya kawo kusa da kunnena. Sukan yi ƙara siririya mai tsawo kamar ƙararrawar makaranta daga nesa. Ya ce mini duk ranar da ka buga ka ji ƙarar ta mutu, kamar ka buga fasasshiyar ƙwarya, to ɗinkin da ya haɗa su ya fara saki. Sai da na girma na gane me yake nufi. Bututan biyu da siraran ƙarafan da ke sama da ƙasansu ba walda ta haɗa su ba, narkakkiyar dalma da kuza ce aka liƙa su da ita. Idan ta saki a wani wuri, ruwa ya sami hanyar shiga tsakani, tsatsa ta yi ta ci a ɓoye inda ido ba ya kaiwa.

Bayan haka yakan ɗaga su ya saita da hasken taga, mu leƙa ciki ɗaya bayan ɗaya. Cikin lafiyayyen bututu kamar madubi yake, da zobban haske a jere. Idan akwai lotsawa ko kumburi, zobban sukan karkace a wurin. Ni yaro ne a lokacin, kallon kawai ke burge ni. Yanzu da na kai shekarun da ya kai, da wuya in leƙa ban ji ƙamshin man da ke hannunsa ba.

A ƙasan bututan, wurin da ke ɓoye idan an haɗa ta, akwai ƙananan hatimai da aka buga a ƙarfe. Nan tarihinta yake. A Birmingham akwai gidan gwajin bindigogi da majalisar dokokin Ingila ta kafa tun 1813, kuma har yau yana aiki. Ba a sayar da bindiga sai an kai ta irin wannan gida an harba ta da cajin da ya fi na kullum ƙarfi, in ta jure a buga mata hatimi. A tawa akwai haruffa masu kambi a kansu, da lamba 20, da 2½, da kalmomin da ke nuna an gwada ta da albarushin zamani marar hayaƙi. Irin wannan jerin hatimi an yi amfani da shi ne tsakanin 1925 da 1954, don haka ko ba takarda na san zamanin da ta fito. Ƙirar uwarta kuwa ta girmi haka: wasu ma'aikata biyu na kamfanin Westley Richards, Anson da Deeley, su suka fito da ita a 1875, suka mayar da gudumar da ke tayar da harsashi da duk kayan aikin cikin ƙarfen tsakiya. Sunan da ke saman bututan na wani shago ne kawai. A unguwar maƙeran bindiga ta Birmingham ba mutum ɗaya ke gama aiki ba. Mai gyara bututu daban, mai haɗa uwa daban, mai sassaƙa katako daban, mai zane a ƙarfe daban, yaro ya ɗauka daga wannan shago ya kai wancan. Duk wanda ya san yadda sirdi ke bi ta hannun masassaƙi da baduku da maƙeri kafin ya hau bayan doki ya san irin wannan aiki.

Wannan 2½ da na ambata ba ado ba ne, kuma ina roƙon duk mai irin wannan bindiga ya duba tasa. Tsawon mazaunin harsashi ke nan, inci biyu da rabi, wato kimanin milimita 65. Yawancin harsasan da ake yi yanzu na milimita 70 ne, wasu ma 76. Abin da ke yaudarar mutane shi ne dogon harsashi yakan shiga gajeren mazauni lafiya lau, saboda bakinsa a naɗe yake. Sai an harba ya buɗe, ya rasa wurin miƙewa, ƙarfin ya taru a kan tsohon ƙarfe. Haka nan harsashi mai ƙwayoyin baƙin ƙarfe maimakon dalma bai dace da tsofaffin bututai ba. Akwai kuma haɗarin da ya fi waɗannan muni ga gidan da ke da lamba 12 da lamba 20 tare. Harsashin 20 idan ya faɗa cikin lamba 12 yakan zurma ya maƙale a gaba, mutum ya leƙa ya ga kamar babu komai, ya ɗora na 12 a bayansa. Abin da ke biyo baya fashewa ce a daidai inda hannun hagu yake riƙe. Shi ya sa kamfanoni da yawa ke yin kwanson lamba 20 ruwan ɗorawa. Baba bai taɓa yarda a zuba harsashinsa a jaka ɗaya da na abokan farautarsa ba.

Yanzu in zo kan laifina. Da Baba ya rasu, muka kai bindigar ma'ajiyar 'yan sanda har aka gama rabon gado, aka yi mata kuɗi aka sa a kasona, na nemi lasisi da sunana. Da na karɓo ta ban iya buɗe ta ba. Ina ganin akwatin sai hawaye. Na kulle ta a cikin akwatinta na fata mai shimfiɗar ulu, na tura ƙarƙashin gado, damina biyu ban taɓa ba. Ina zaton na adana ta ke nan. Ashe fata da ulu suna shan laima su riƙe, akwatin na tafiya ne, ba na ajiya ba. Ranar da na buɗe na tarar da jan tabo a gefen bututun hagu, daidai inda ya jingina da ulun, da shatin yatsuna uku da tsatsa ta zana a kusa da uwa. Gishirin gumin hannuna ne na ranar da na karɓo ta. Na zauna a bakin gado na daɗe ban ce komai ba. Shekara talatin da wani abu tana hannun Baba ba tabo ko ɗaya.

Allah ya taimake ni ban yi gaggawa ba. Na jiƙa wurin da mai na kwana biyu, na riƙa murzawa a hankali da tsumma mai kauri da gefen tsohon kwabon jan ƙarfe, wanda ya fi ƙarfen bututun taushi. Jan ya tafi, amma ƙananan ramuka sun zauna, suna nan har gobe. Na bar su. Da na bi su da abin gurzawa don su ɓace, da na ci naman bututun, alhali a wasu wuraren kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba.

Wanda bai sami wannan sa'a ba jikan wani aminin Baba ne. Kakansa yana da .410 mai baki biyu, aikin garin Liyej na Beljiyam, 'yar siririya kamar sandar makiyayi, da zanen ganye a jikin uwarta. Da ita yake harbin hasbiya da kurciya a bayan gari. Yaron ya gaje ta, ya ga ta yi duhu, da kyakkyawar niyya ya kai wa wani mai gyara ya ce a mayar masa da ita sabuwa. Da ya kawo mini in gani yana murna, wallahi sai da na kau da kai. An bi ta da samfefa tana ƙyalli kamar cokali. Zanen ganyen ya shafe, hatiman gwajin sun zama inuwa, ba mai iya karanta su. Kan sukurorin duk an tattauna su da sukudireban da bai dace ba. Katakon an kankare shi an malala masa banish irin na kujera. Mafi muni, ɗinkin sama da ya ɗan saki an ɗana masa walda, zafin ya narkar da sauran. Na rataye bututan na buga, ƙarar a mace. Na ce masa ɗana, ka riƙe ta don tunawa da kakanka, amma don Allah kada ka sake sa mata harsashi. Bai yi magana ba, idonsa ya cika.

Abin da bai sani ba, kuma ba wanda ya gaya masa, shi ne duhun nan da ya ƙi jini shi ne darajarta. Baƙin da ke jikin bututu ba fenti ba ne. Da gangan ake sa ƙarfen ya yi tsatsa sama-sama, a dafa shi a ruwa, a goge, a maimaita sau da yawa har ya zama rigar da ke kare shi. Launin shuɗi da ruwan ƙasa da ke jikin uwa kuma daga gasa ta ne a cikin gawayin ƙashi. Rana tana kashe wannan launi, gogewa ma haka, kuma in ya tafi ya tafi. Masana sun fi son bindigar da ta tsufa da rigarta ta asali, ko ta koɗe, a kan wadda aka yi wa kwalliya.

Kulawar da take buƙata ba ta da yawa, naci take so. Yanayinmu yana kai mata hari ta fuska biyu. Da damina laima ce, don haka daga Yuni zuwa Satumba duk mako biyu nake fito da ita in shafe ƙarfen da tsumma mai ɗan danshin mai. Idan babu man bindiga, man keken ɗinki ya wadatar. Baƙin mai, man gyaɗa da manja kuwa a nisanta su, wani ya daskare ya zama ƙaro, wani ya kira ƙura. Da hunturu kuma katako ke shan wahala, yakan bushe ya tsuke har a ga tsaga a wuyansa, ga ƙura mai shiga ko'ina. Sau biyu a shekara nakan ɗiga man 'ya'yan linsid a tafin hannu in murza katakon har ya yi ɗumi, in goge ragowar. Mai da yawa ma cuta ne. Idan aka jingine bindiga baki sama, man da ke ciki yakan gangaro ya jiƙa kan katakon inda ya haɗu da uwa, a hankali ya baƙanta shi ya rubar. Shi ya sa nake ajiye tawa baki ƙasa. Ba na jan kunama babu komai a ciki, don allurar da ke bugun harsashi na iya karyewa, kuma wa zai ƙera mini wata? Wajen rufe ta, gindin nake ɗagowa a hankali, ba na buga ta kamar ƙofar mota.

Tana zaune a akwatin ƙarfe da aka kafe a bango, harsashi kuma a wani wuri daban da nasa makulli. Jikokina sun san akwai ta, sun kuma san ba a taɓawa. Ko a warware take, ba na yarda bakinta ya kalli mutum. Baba yakan kawo mana hadisin da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami, domin bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa. A gidanmu wannan ne darasi na farko, kafin a koya maka riƙe tsumma.

Maganar doka ita ce mutane suka fi gudu, ita ce kuma ta fi muhimmanci. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Akwai waɗanda aka haramta, sai da izinin shugaban ƙasa. Akwai na ɗurawa ta baki, irin su harba-ka-ruga, waɗanda lasisinsu ke hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Mai baki biyu irin tawa tana rukunin tsakiya, wanda ke ƙarƙashin Sufeto Janar. Lasisi na mutum ne, ba a gadonsa kamar gona. Takardar mahaifinka ba ta rufe ka ba. Na san gidan da tsoro ya sa suka naɗe tasu a buhu suka binne a bayan ɗaki. Na san wanda ya sayar wa baƙon da bai san daga ina yake ba, kuma wannan ya fi komai tayar mini da hankali, don ba wanda ya san hannun da za ta ƙare. Ɗan'uwanmu da ke Maraɗi yana da tasa lamba 16, ƙirar Robust ta kamfanin Manufrance na Faransa, shi ma damuwarsa ke nan, wa zai karɓa bayansa.

Don haka, Malam Edita, ina da roƙo. Ku tura wakilinku ya zauna da hukumar 'yan sanda, a bayyana wa jama'a da Hausa, dalla-dalla, abin da magaji zai yi ranar da ya tarar da bindiga a kayan mamaci: ina zai kai ta, wace takarda zai riƙe, me zai faru in ba ya son ta. Sannan ku tambayi masu kula da gidajen tarihi, irin Gidan Makama na Kano da gidan tarihi na ƙasa da ke Kaduna, ko akwai hanyar da za su karɓi waɗanda suka cancanta, a rubuta sunan mai ita da labarin yadda ta zo hannunsa. Bindigar da akawu ya saya daga Bature, ko wadda aka ba hakimi kyauta, shaida ce ta wani zamani kamar yadda takobi yake. Wanda ba zai iya riƙewa bisa ƙa'ida ba, gara ya miƙa ta a hannun hukuma da ya binne ko ya sayar a ɓoye.

Ni kaina rabona da harba tawa ya fi shekara takwas. Dajin da muke bin zabi da fakara a cikinsa yanzu ba ya shiguwa, kuma idona ma ya fara rauni. Na yi shawara da 'ya'yana. Mazan ba su da sha'awa, sun faɗa mini gaskiya, na kuma gode musu. Autata ce take zama kusa da ni idan na shimfiɗa tabarma, ita ke miƙo tsumma, kuma ta iya buga bututan ta saurara. Na sa ta kwafe hatiman duka a littafi, da lambar bindigar, da labarin Baturen, da na damina biyun nan da na yi sakaci, har da inda ramukan tsatsar suke. Na rubuta a wasiyyata cewa in ba a sami mai lasisi a cikinsu ba, a miƙa ta ga hukuma tare da littafin, da roƙon a kai ta gidan tarihi. Jumma'ar nan ma ranar shafa mai ce, don hadari ya fara haɗowa ta gabas.

Na gode da ba ni fili. Allah ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu.

Naku,
Wani tsohon malamin makaranta,
Funtuwa, Jihar Katsina